Rawani a Ƙafar Keke

Ni na naɗa masa rawanin. Da hannuna na naɗa, da bakina na yi bisimilla, na kuma bar masa jela a kafaɗar hagu yadda nake bar wa ubansa. Wannan nake so a fara sani, kafin a ji wanda ya yi duka da wanda ya sha duka.

Ɗan farina ne, saboda haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Lokacin da abin ya faru ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya uku, furfura ta fara tsiro masa a gemu. Mu Hausawan Sudan ne, jikokin waɗanda suka taso zuwa Makka da ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Yaƙi ya tashe mu. Muka baro ɗaki da tukunya da kabarin maigida, muka shigo Masar da abin da kai zai iya ɗauka. Cikin abin da kaina ya ɗauka akwai rawanin maigidana, fari sol, doguwar auduga mai laushi, wadda in an warware ta sai ta ratsa tsakar gida ta yi saura.

A Alkahira muka sami ɗaki biyu a saman wani tsohon bene bayan kasuwar Ataba. Matarsa ta sami aikin gida a unguwar masu kuɗi ta Muhandisin. Ni na sami gindin wani ginshiƙi a ƙarƙashin gadar sama, ina sayar wa matan Sudan tunkuza da turaren wuta. Shi kuwa ya sami aikin kai gurasa.

Duk wanda ya zauna garin nan ya san masu kai gurasa. Ana jera ta da zafinta a kan wani faffaɗan keji na zarbar dabino, tsawonsa ya kai ƙyauren ɗaki. Mutum ya aza gammo, ya ɗora kejin a ka, ya hau keke. Hannu ɗaya yana riƙe da keji, hannu ɗaya yana riƙe da kan keke, ya kutsa tsakiyar motoci. Ba shi da hannu na uku. In ƙuda ya sauka masa a ido sai dai ya ƙifta. Kowace safiya yana wucewa ta gabana sau uku, daga gidan gurasa zuwa shagunan Wustul Balad, wato tsakiyar gari. Ba ya tsayawa. Ya ɗan sauko da ido, ni kuma in ɗaga hannu.

To, sai sanyi ya shigo.

Sanyin garin nan ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, ya cije ka da asuba, hantsi ya kore shi. Nasu jiƙaƙƙe ne. Daga bango yake fitowa, daga ƙasa yake tasowa, ya shiga ƙashi ya yi zaune kamar wanda ya gaji wurin. Ruwan sama ba ya yawan zuwa, amma ran da ya zo gari ba shi da inda zai kai shi, sai titi ya zama tabki na baƙin ruwa da man mota.

Ruwan farko ya same shi a hanya, daga shi sai jallabiya da wata tsohuwar suwaita. Ya dawo leɓɓansa sun yi toka, haƙora suna karo da juna. Kafin magariba jiki ya ɗau wuta. Sai tari. Ni na san wannan tarin. Na san shi tun daga sautinsa, kamar yadda mace ke gane takun mai gidanta daga ƙofar zaure. Da shi ubansa ya tafi. Kwana shida ina riƙe da kan ɗana yana tari kamar za a tsage masa ƙirji, ran na huɗu na ga jan zare a cikin majinar, na nannaɗe tsumman na ɓoye wa matarsa. Ran na bakwai mai gidan gurasa ya aiko cewa in jibi bai fito ba, keke zai koma hannun wani.

Na ce a raina, yaƙi bai ci shi ba, hanya ba ta ci shi ba, sanyi ba zai ci shi a gabana ba.

Da yammacin ranar matarsa ta dawo da wata leda a hamata, tana murna. Ta ce uwar ɗakinta ce ta ba ta, kayan mijinta ne, wai shi ma yana hawan keke ranar Juma'a don motsa jiki. Ta zazzage su a kan tabarma. Wata 'yar riga ta ulu, siririya kamar fatar albasa. Wando baƙi mai matse cinya. Safar hannu. Wata 'yar hula mai kama kai. Sai wata riga ta leda, gajera, iya ƙugu, launinta kamar garin ɗorawa.

Ta ce, “Inna, ta yi mini bayani duka. Wai kada auduga ta taɓa fatarsa, don auduga in ta sha gumi ko ruwa ba ta sakinsa, sai ta yi ta sanyaya ƙirji. Ulun nan ne a ciki, suwaita a tsakiya, ledar a waje. Ƙafar wando a cusa cikin safa. Kuma kada a bar komai yana reto.”

Na ɗauki rigar ledar na auna a tafin hannuna. Ɗan tsako ya fi ta nauyi.

Na ce, “Ke, wannan ce za ta tare masa sanyi?”

“Ita ce, Inna.”

“Abin da ba shi da nauyi daga ina zai samo ɗumi? Kuma magidanci, uban 'ya'ya, ya fita titi da wando yana nuna tsawon cinyarsa kamar ɗan wasan ƙwallo? Da riga ruwan ɗorawa kamar aku?”

Ta ce, “Launin don masu mota su gan shi ne. Su masu keken sun fi mu sani.”

“Mai hawan keke don nishaɗi ne zai koya mini yadda ake rufa wa ɗana jiki? Ni na rufa masa jiki tun yana tsumman goyo.”

Ta ce, “Ai shi ma Baba ke kika rufa masa jiki.”

Ba ta rufe baki ba na ɗauke ta da mari. Tukunyar shayi tana kan wuta, na ture ta, na cusa rigar ledar a kan harshen gas. Ta kama nan take, ta nannaɗe tana ɗiga kamar kitse. Yarinyar nan ta kai hannu ta fizge ta. Ledar ta manne mata a bayan hannu tana ci. Ta yi ƙara ɗaya, ta tsoma hannun a bokiti, da ta ciro shi fatar ta biyo ledar. Yara suka ruga bayan ƙofa. Shi yana kwance yana kallo, ya yunƙura zai yi magana, tari ya danne shi. Ɗakin ya cika da baƙin hayaƙi mai ɗaci, na buɗe taga, sanyi ya shigo.

Ban ce mata sannu ba. Allah ya gani, ban ce ba.

Washegari na shiga Ataba da kaina. Na bi layin masu gwanjo, ana ture ni ina ture mutane, ina ɗaga riguna ɗaya bayan ɗaya ina jin nauyinsu. Na tsaya a kan wata babbar rigar sanyi, irin wadda suke ce wa balɗo, baƙa, mai kauri kamar bargon doki, tana kaiwa har ƙwauri. Da ƙyar na ɗaga ta da hannu biyu. Na ce wannan ce.

Mai kayan wani dattijo ne mai ƙaton ciki da carbi a wuya. Ya ce, “Ta wa ce, ya hajja?”

Na ce ta ɗana ce, mai kai gurasa a keke.

Ya dube ni, ya dubi rigar, ya kwashe da dariya. “Keke zai hau ko mumbari? Ya hajja, wannan ta mai zama ce a ƙofar bene yana shan shayi. In ruwa ya dake ta sai ta yi nauyin jaki. Ga gajera can, ki ɗauka.”

Na ce, “Sayarwa kake ko wa'azi?”

Ya ɗaga hannu biyu. “Khalas, shi ke nan. Ɗanki ne.”

Ran da zai koma aiki gari ya waye da yayyafi. Na tashi na shirya shi kamar ango. Singileti na auduga, riguna biyu na auduga, jallabiya, sannan balɗo a sama, na ɓalle masa maɓallai har wuya. Ya tsaya kamar buhun gero. Sai na buɗe akwati na ciro rawanin ubansa.

Dabarata ce, kuma har na yaba wa kaina. Na ce abu ɗaya zai yi aiki uku. Zai zama gammo a ƙarƙashin keji, zai rufe kunnuwa, zai tsare maƙogwaro, don ta maƙogwaro sanyi yake sauka ƙirji. Na naɗa masa a ka, kauri a kan kauri. Na sauko da shi ta ƙarƙashin haɓa, na zagaya wuya sau biyu, na soke. Sauran na sake shi ta kafaɗa zuwa baya.

Ya ce, “Inna, jelar nan ta yi tsawo.”

Na ce, “Rawani ba jela ai ɗaurin mai ciwon haƙori ne.”

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da hannu naɗe da tsumma. Ba ni ta duba ba, shi ta duba. Ta ce a hankali, “Ka cusa ta cikin riga.”

Ya cusa. Na ga ya cusa. Na raka shi har kan matakala. Da ya juya zai sauka na sa yatsu biyu a wuyan balɗon na zaro jelar, na shimfiɗa masa ita a baya. Na ce, “Ubanka bai taɓa ɓoye jelar rawaninsa ba.” Ya tsaya kaɗan a kan matakalar, bai waiwayo ba. Sannan ya sauka.

Wucewar farko na gan shi, raina ya yi fari. Fari a sama, baƙi a ƙasa, gurasa a ka an lulluɓe ta da leda. Na ce wa mai gasa dankali, wanda yake tsayar da kurarsa kusa da ni, “Ka ga ɗana.” Ya ce, “Masha Allah, kamar limamin Juma'a.”

Wucewa ta biyu yayyafi ya zama ruwa. Na ga yana taka keken da ƙyar, balɗon ya sha ya ƙoshi, gefensa yana bugun gwiwa. Bai sauko da ido ba.

Ta uku ita ce.

Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Motoci sun cushe a bakin gada, kowa na danna oda. Na hango kejin daga nesa yana tafe yana rawa a saman motoci. Da ya matso sai na ga abin da ban gani ba da safe. Rawanin ya jiƙe, keji yana gogarsa, naɗin sama ya saki. Jelar da na bari iya ƙugu ta sauko, ta wuce sirdi, tana lilo, tana marin ƙafar baya. Ta mara ta ɗago. Ta mara ta ɗago. Shi ya ji ta, na ga yana murɗa kafaɗa yana so ya janye ta. Hannu ɗaya a keji, hannu ɗaya a kan keke.

Na miƙe. Na yi ihu, “Kai! Kai, tsaya!” Ruwa da oda suka haɗiye muryata. Sai na kira sunansa. Shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa kiransa ba, ran nan na kira shi a tsakiyar titin Masar, da iyakar ƙarfina, sau uku.

Bai ji ba. Jelar ta shige cikin wayoyin ƙafar.

Ban taɓa ganin an fizge kan mutum haka ba sai na rago a hannun mahauci. Kansa ya koma baya gaba ɗaya, haɓa ta dubi sama. Kejin ya tashi ya bar shi, ya daki gilashin wata ƙaramar bas da ke bayansa, gilashin ya tarwatse. Direban ya murɗa sitiyari, bas ta hau dakali ta gwabza wa ginshiƙin gada, mata a ciki suka sa kururuwa. Keken ya kife, ya ja shi a kan kwalta cikin baƙin ruwan nan, ƙafar baya tana ƙara juyawa tana cin rawani, har ta jawo ƙeyarsa ta haɗa da ƙarfe. Nan ta tsaya. Gurasa ta watsu ko'ina tana iyo.

Tsakanina da shi bai fi taku talatin ba. Taku talatin, da gwiwoyin tsohuwa, da motoci a tsakani.

Direban ya riga ni. Ƙato ne, goshinsa ya fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya, da ƙarfen kwance taya a hannu. Bai tambayi komai ba. Ya sa ƙafa ya hambari ɗana a haƙarƙari. Ya ƙara. Yana duka yana zagi, ya zagi uwa, ya zagi uba, ya zagi ƙasar da ta koro mu, ya zagi baƙin fatarmu. “Kun cika mana gari! Ka yi magana, ɗan kare! Motar mutane ce! Ka yi magana!”

Da me zai yi magana? Hannuwansa biyu suna wuya suna yakushin rawani. Ƙafafunsa suna shure-shure cikin ruwa. Shi kuwa direba ya ɗauka raini ne, ya ɗauka shurin nasa ake yi, ya ɗaga ƙarfen ya sauke masa a kafaɗa. Na ji ƙarar ƙashi daga inda nake.

Mutane suka taru. Wasu na riƙe direba yana watsar da su. Wasu sun duƙa suna tsince gurasa daga ruwa, suna sumbata suna kaiwa goshi, suna cewa haram, ni'imar Allah a ƙasa. Wani bawan Allah mai son taimako ya kama keken ya ɗaga da ƙarfi don ya cire shi daga kansa, sai kan ɗana ya biyo keken sama, ya sake, kai ya koma ya bugi kwalta. Babu wanda ya dubi wuyan. Balɗon ya rufe komai, rawanin ya yi baƙi da ruwan titi, ba a gane inda riga ta ƙare, inda shaƙa ta fara.

Na iso da kwalbar tunkuza a hannu, ban san lokacin da na ɗauko ta ba. Na rotsa wa direban a ƙeya. Ya juyo ya kai mini gwiwar hannu a baki. Na ji haƙorana biyu sun karye, na faɗi zaune cikin ruwa, na tofar da su. Ya juya zai koma kansa, na rarrafa na rungume ƙafarsa, na kafa masa sauran haƙoran a ƙwauri. Na ciza har na ji gishiri. Ya yi ruri kamar sa, ya shure ni a ƙirji, na mirgina har gindin kurar mai dankali, wanda ya turo ta kusa yana kallo.

A kan kurar akwai wuƙar da yake tsaga dankali. Na ɗauke ta.

Nan wuri ya yamutse. “Wuƙa! Tsohuwa ta ɗau wuƙa!” Mata suka watse. Direba ya ja baya ya ɗaga ƙarfe. Ni ba shi nake nufi ba, amma wa zai sani? Bakina cike da jini, Larabcin ya gudu daga kaina, Hausa nake ta yi musu, “Wuyansa! Ku duba wuyansa!” Wani saurayi ya cafke hannuna ya murɗe shi ta baya har na ji kafaɗata za ta fita. Wani ya shaƙo mayafina. Na durƙusa, fuskata ta zo daidai da fuskar ɗana.

Ya daina shure-shure. Idanunsa sun fito, sun yi ja kamar gauta. Harshe ya leƙo, ya yi shuɗi. Hannuwan da ke yakushi suka saki, ɗaya ya faɗa cikin ruwa.

Mai dankali ne ya gani. Allah ya saka wa wannan mutum. Ya yi wata irin tsawa, ya ce, “Ku sake ta, jakuna! Mutumin shaƙewa yake!” Ya bangaje saurayin, ya durƙusa kusa da ni.

Na nemi inda zan sa yatsa tsakanin rawani da fata, babu. Jiƙaƙƙiyar auduga in ta ɗaure ta fi igiyar rijiya. Na sa wuƙar a gefen wuya na fara gurzawa. Wuƙar dankali ce, ba ta da kaifi, ta zame ta tsaga shi a ƙarƙashin kunne, jini ya ɓalle a hannuna. Mai dankali ya fizge ta, ya ce, “Ba nan ba, ya hajja, can!” Ya kai ta inda rawanin ya miƙe tsakanin ƙeya da ƙafar keke, ya taka ƙarfen da ƙafa, ya yi ta gurza, zare yana tsinkewa ɗaya ɗaya, ɗaya ɗaya, ni ina riƙe da kai. Da ya rabu na warware zagaye biyun nan da na yi da safe. Na farko. Na biyu. A ƙarƙashinsu wuya ya yi zobe, baƙi, ya nutse kamar an ɗaure bakin buhu.

Ba numfashi.

Na girgiza shi. Na mare shi. Na tsage maɓallan balɗon, na tarar da jallabiya, na tarar da riga, na tarar da wata rigar, duk sun jiƙe sun manne, sanyi ƙalau kamar kayan wanki. Duk abin da na jibga masa ya tsaya tsakanina da ƙirjinsa.

Sai na ji ƙarfe ya faɗi a kwalta. Direban ne. Ya ture ni gefe, ya kama wuyan jallabiyar da hannu biyu ya yage ta har ciki, ya yage rigunan. Ya haɗa hannuwa ya fara danna ƙirjin da ya gama shura. Yana dannawa yana kuka, jinin goshinsa yana ɗiga a kan ɗana, yana cewa, “Ya Rabbi, ban sani ba. Ya Rabbi, ina da 'ya'ya. Tashi, ɗan'uwana, tashi, kada ka kashe ni.” Ya buɗe masa baki ya hura. Ya danna. Ya hura.

Aka ji wani sauti kamar ana jan tsohon ƙyaure. Ƙirjin ya ɗaga da kansa. Ya sauka. Ya daɗe, har na ce shi ke nan, sai ya sake ɗagawa.

Direban nan ya sungume shi kamar jariri. A cikin bas ɗin da ta fashe ya sa shi, a kan kujerar da gilashi ya cika, ya ja ta baya daga ginshiƙi tana kuka, ya kai mu asibiti da hannu ɗaya a kan oda, ruwa yana shigo mana ta gaba. Ni ina riƙe da tsagar da na yi masa a ƙarƙashin kunne.

A asibiti da almakashi suka raba shi da balɗon. Da ma'aikaciyar ta jefar da shi ƙasa sai ya yi tim, kamar an yar da mushe, ruwa ya kwanta kewaye da shi. Likita ta ce ƙashin kafaɗa ya karye, haƙarƙari biyu sun karye, waɗannan za su ɗinke. Maƙogwaro ne ya murƙushe, shi ne ba ta yi mini alkawari ba.

Matarsa ta iso daga Muhandisin da rigar aiki a jikinta. Ta shiga ta gan shi da robobi a hanci, ta fito. Ina zaune a kan benci, bakina ya kumbura, zanena yana ɗiga. Ta tsaya a kaina.

Ta ce, “Inna, ya ji ɗumin?”

Na sunkuyar da kai. Da ta mare ni a wurin da na gode mata. Ba ta mare ni ba. Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, muka yi ta kallon ƙofa ɗaya har la'asar.

Ya rayu. Ciwon ƙirjin ma ya taso masa a asibitin, suka yi ta yi masa allura har ya kwanta. Direban ya zo sau biyu da lemo a leda, yana ɗingishi, ya tsaya daga bakin ƙofa yana cewa ma'alish, ma'alish, wato a yi haƙuri. Ban iya duban ƙwaurinsa ba, shi ma bai iya duban bakina ba.

Amma murya ba ta dawo ba. Abin da ya rage masa raɗa ce, mai kaushi, kamar ana jan tsintsiya a kan siminti.

Da zafi ya shigo, kafaɗa ta warke, ya ce zai koma keke. Ya koma kwana biyu. Ashe mai kai gurasa da murya yake tuƙi. Ba shi da hannun kaɗa ƙararrawa, ba ya iya taka birki da sauri da kaya a ka, ihu yake yi tun daga nesa, mutane su dare. Shi ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Ran na biyu ya afka wa wata mata mai ɗauke da ƙwai a wani lungu, 'ya'yanta suka fito suka yi masa taron dangi, suka fasa masa leɓe, yana ba su haƙuri ba sa ji. Ya turo keken da hannu ya mayar.

Mai gidan gurasa bai kore shi ba. Ya sa shi a ciki, yana jera gurasa a kan keji yana ɗora wa wasu a ka. Aiki ne da ba ya son magana.

Yanzu in ya dawo ya durƙusa gaishe ni, sai na kai kunnena daf da bakinsa. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Sau ɗaya na fara maganar, ya kama hannuna ya girgiza kai.

Shi yake ja mana sallar magariba a ɗaki, yadda ya saba. Ba ma jin karatunsa. Babbar 'yarsa ce take tsayawa kusa, in ta ga ya sunkuya sai ta ɗaga murya ta yi kabbara, mu bi. Ni ina daga baya a zaune, don gwiwa ba ta barina tsayuwa. Tsakanin kabbara da kabbara ɗakin yakan yi tsit, har in ji iska tana shiga maƙogwaron nan da ƙyar, tana fita da ƙyar. Nakan rasa inda nake a Fatiha saboda saurare.